Ku Tambayi Majo: Igiyar da ke Jan Murmushi

Saƙonnin da suka iske ni nan Tawa a wannan wata kusan duk a kan fuska suka tsaya, kamar an haɗa baki. Na tsamo biyar. Masu tambayar ciwon baya da na gwiwa su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba. Ban manta da ku ba, tawa gwiwar ma tana tuna mini da ku kowace asuba.

Tambaya: Baba Majo, ina wuni. Ni ɗaliba ce, shekarata ta farko a makarantar koyon aikin jinya. Malaminmu ya zana mana tsokokin fuska a allo, sunaye sun cakuɗe mini. Don Allah wace ce ainihin tsokar murmushi, kuma yaya zan riƙe ta a ka ba tare da haddar aku ba? Ɗiyarka, daga Harobanda, Yamai.

Amsa: Ɗiyata, ajiye littafin tukuna. Ɗora yatsa ɗaya a kan ƙashin nan mai tudu da ke ƙasan wutsiyar ido, ƙashin kunci, ki ɗan matsa da shi baya wajen kunne. Wani yatsan ki ɗora shi a gefen baki, inda leɓen sama da na ƙasa suka haɗu. To, yi murmushi. Yatsan sama yana nan inda kika bar shi, na ƙasa kuwa ya taso yana neman ɗan'uwansa. Abin da ya jawo shi, shi kike tambaya.

Wata ƴar siririyar tsoka ce, tsawonta kamar na yatsa, faɗinta wajen santimita guda, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Mu da muka yi karatu da faransanci garan zigomatik muka san ta, wato babbar zigomatik. A Latinanci zigomatikus majo ake ce mata. Majon nata da nawa tushensu ɗaya, babba ke nan, sai dai ita ba ta yi ritaya ba. Shi kuma zigomatik daga wata kalmar Girkanci ya fito mai nufin karkiya, itacen nan da ake ɗora wa shanun huɗa a wuya, don ƙashin kunci yana gama fuska da gefen ƙoƙon kai yadda karkiya ke gama bijimai biyu.

Ga abin da ya raba ta da yawancin tsokokin jiki. Tsokar damtse daga ƙashi take tashi ta tsallake gaɓa ta kama wani ƙashi, shi ya sa take ɗaukar tulu. Wannan kuwa kai ɗaya ne a ƙashi, ɗayan a cikin nama da fata ya ƙare. Ba ta ɗaukar kaya, ba ta tauna tuwo. Babban aikinta ta motsa fata don wani mutum ya gani.

Wanke hannunki, ki sa babban yatsa cikin baki, manuni a waje, ki matsa kamar santimita ɗaya daga gefen baki. Za ki ji wani ɗan kauri kamar ƙwayar wake. Sunansa modiyolus, ma'anarsa cibiyar ƙafar keke, inda wayoyi ke taruwa. Nan ne mahaɗar: babbar zigomatik ta sauko daga sama ta bayan kunci, wata ta sauko daga ƙasan ido tana ɗaga gefen baki tsaye, wata ta taso daga haɓa tana jan sa ƙasa in an ɓata rai, ga ta kumatu wadda ake busa algaita da ita, ga kuma zoben tsokar da ya kewaye leɓɓa. Kowace tana ja. Wadda ta rinjaya, ita ke da fuska a wannan lokacin.

Biyu ne za su ruɗe ki ranar jarrabawa. Ta farko ƙaramar zigomatik, tana gaban babbar, kusa da hanci, ita a leɓen sama take sauka, ba a gefen baki ba, ita ce ke taimakawa a yaye leɓe haƙora su bayyana. Ta biyu rizoriyus. Sunanta daga kalmar dariya ya fito a Latinanci, wani likitan birnin Banis na Italiya mai suna Santorini ya siffanta ta a 1724. Kada sunan ya yaudare ki. A kwance take jan baki zuwa gefe, ba ta ɗaga shi. Mutane da dama ma ba su da ita, wasu a ɓari ɗaya kawai, kuma suna dariyarsu lafiya lau. In da Bahaushe ne ya raɗa mata suna, tsokar yaƙe zai ce.

Ranar layya ki roƙi mai gyaran kan rago ya feɗe miki kunci ɗaya kafin a babbake don langaɓu. Tsokar nan mai kauri da yara ke rububi a kanta ta tauna ce. Cije haƙoranki ki taɓa kusurwar muƙamuƙi, za ki ji irinta ta kumbura. Tsokokin motsa fuska su ne ƴan sirara masu hasken ja da ke manne da fata, suna bin ta in an ɗaye. Wanda ya gan su sau ɗaya da idonsa ya fi wanda ya kwafi zanen allo sau goma.

Sai wadda ke ba ta umarni. Hausa ta yi mana rowa a nan, domin da ta jini, da ta agara, da mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, duk jijiya muke cewa. Ina nufin mai kai saƙo. Cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane ɓari, ta bakwai ita ce jijiyar fuska. Tana shiga ƙashin da kunne ke ciki, ta bi wani matsattsen rami mai lanƙwasa, ta ɓullo ta ƙasan kunne, ta ratsa ƙullutun yawun nan da ke kumbura in yaro ya yi hangum, sannan ta rabu biyar. Ɗora gindin tafin hannunki a kan kunne, ki baza yatsu a fuska: ɗaya goshi, ɗaya ƙashin kunci da ido, ɗaya kumatu, ɗaya haɓa, ɗaya wuya. Reshe na biyu da na uku su ke kula da tsokar murmushi. Tsokar tauna kuwa jijiya ta biyar ke kula da ita, kuma ita ce ke kawo jin zafi da taɓawa daga fatar fuska. Malamai suna son wannan tarkon. Ki riƙe matsattsen ramin nan a ranki, za mu komo kansa a tambaya ta ƙarshe.

Tambaya: Malam, na gani a Facebook wai tsoka 17 ake murmushi da su, ɗaure fuska kuwa sai 43. Haka ne? Wani tela, Sabon Gari, Tawa.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan lissafin kowa da irin nasa, gobe za ka ga wani ya rubuta wasu lambobin daban. Ba a littafin ilimin sassan jiki ya fito ba. Ɗan murmushin gefen baki zigomatik biyu sun kusa isa, dariyar ƙyaƙyatawa kuwa har ciki da haƙarƙari sai sun sa hannu. Ka ci gaba da fara'a ga masu kawo ɗinki, musamman waɗanda ka ce wa su dawo jajibirin salla, amma ba don tsimin tsoka ba.

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ɗiyata ƴar shekara huɗu in ta yi dariya kuncinta na dama yana loɓawa, na hagu kuwa sumul. Kakarta ta ce kyau ne, wata maƙwabciya ta ce nakasa ce a cikin nama. Sannan ina da juna biyu, dangin maigida suna maganar in na sauka za a yi wa jaririn tsaga irin ta gidansu. Ina tsoron kada aska ta yanke wani abu a kunci. Uwar ƴaƴa, daga Badagishiri.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Kakar yarinya ta fi maƙwabciya gaskiya. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, a wasu mutane babbar zigomatik kafin ta kai gefen baki sai ta rabu biyu kamar bakin majaujawa, reshen ƙasa ya kama fatar kunci ta ciki. In tsokar ta ja, sai fatar wurin ta nutsa, yadda mai ɗinkin kujera ke jan maɓalli da zare katifa ta loɓa. A 1998 wasu likitoci a Amurka sun duba gawa 50, suka iske tsokar a rabe a 17 daga ciki. Abin da aka samu a mutum ɗaya cikin uku ba a kiran sa nakasa. Yana bin jini a wasu gidaje, yakan zo ɓari ɗaya, wani lokaci kuma yakan dushe in yaro ya girma kitsen kumatu ya ragu. Ba ya son magani. Nan da shekara goma sha biyar maƙwabciyar za ta ga masu sallama a ƙofar gidanku.

Maganar tsaga kuwa, tsoronki yana da dalili, sai dai ba a inda kika ajiye shi ba. Tsokar tana ƙarƙashin fata da kitse, rassan jijiyar kuma ta ƙarƙashin tsokar suke shigarta, askar wanzami a sama take wucewa. Je kasuwar Lahadi nan Tawa ki ga tsofaffi masu zane cike da kunci suna washe baki ras. Haɗarin yana jikin askar kanta. Askar da ta taɓa wani yaro tana iya ɗauko ciwon hanta ko sida. Raunin da aka shafa wa toka ko baƙin tukunya kuwa ƙofa ce ga tetanos. Na ga jarirai da shi a farkon aikina, ba na fatan in sake gani: yaro ya ƙi nono, muƙamuƙi ya ƙulle, jiki ya sandare, tsokokin fuska su ɗame baki ya wage kamar mai yaƙe. Uwa tana kuka, ɗanta kamar yana mata dariya. Ki tabbata kin karɓi allurar tetanos a wurin awon ciki. Ra'ayina a kan tsaga kuwa a bar ta. Da can ita ce shaidar gida in yaro ya ɓata ko an yi yaƙi, yau takardar haihuwa ta ɗauke mata wannan aiki. Amma kada ki tunkari surukai da kanki. Ki samu maigida cikin natsuwa, shi ya kai maganar.

Tambaya: Majo, kada ka yi mini dariya. Abokiyar zamana kullum da murmushi take tarbata, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. An ce likitoci suna gane murmushin gaskiya da na ƙarya. Koya mini. Wata uwargida, Bukoki, Yamai.

Amsa: Uwargida sarautar mata, na ɗan yi dariyar, ki yafe ni, kuma har ido ta kai.

Akwai wani likita Bafaranshe, Dushen, mutumin garin Bulon, da ya yi aiki a Paris. A 1862 ya fitar da hotunan wani gwaji da ya yi. Ya samu wani dattijo wanda fatar fuskarsa ba ta jin zafi sosai, yana ɗora masa ƴan sandunan lantarki a kan tsoka ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaukar hoton abin da fuska ta yi. Da ya taɓa babbar zigomatik baki ya ɗaga, haƙora waje, amma duk wanda ya kalli hoton ya san ba farin ciki ba ne. Sai ya ba dattijon labarin ban dariya, ya sake ɗauka. Baki iri ɗaya, ido ne ya bambanta. Akwai zoben tsoka da ya kewaye ido, shi ne a dariyar gaske yake tsukewa, kunci ya hau sama, fatar ƙasan ido ta tattare, ƴan layuka su fito a wutsiyar ido. Har yau masana da sunan wannan likita suke kiran irin wannan murmushi.

Da aka koya mana wannan a makaranta, na ce a raina ashe sai da lantarki Bature ya gano abin da kakata ta sani tana bakin murhu. Mu tun fil azal mun raba murmushi da yaƙe, har muka ce yaƙe ya fi kuka ciwo. Mun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Abin da ilimin ya ƙara mana shi ne dalili: hanya biyu ce ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa jijiyar fuska. Ɗaya ta ganin dama, wadda kike bi in mai hoto ya ce a yi murmushi. Ɗaya ta zuciya, wadda ba ta neman izininki. Na taɓa jinyar wani dattijo da hawan jini ya shanye wa ɓari. In na ce ya nuna mini haƙora, rabin baki ne kawai ke motsi. Ranar da jikansa ya shigo da gudu ya faɗa kan buta, sai ga baki ya buɗe dama da hagu daidai wa daida. Ƴaƴansa suka yi ta kabbara sun ɗauka ya warke. Hanya ɗaya ce ta lalace, ɗayar tana nan.

To amma kada ki ɗauki wannan ki mai da shi ma'auni a tsakar gida. Binciken da aka yi daga baya ya nuna mutane da yawa suna iya tsuke idon da gangan, ƴan wasan kwaikwayo da ƴan siyasa sun ƙware. Sannan mai gajiya, da mai azumi, da mai jin nauyinki, suna iya yi miki murmushin baki kawai alhali zuciyarsu fes. Wanda ma ya danne ɓacin ransa ya sakar miki fuska, mu kara muke kiran wannan, ba munafunci ba, shi ya sa aka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Hadisin da ya ce murmushinka ga ɗan'uwanka sadaka ne bai ce sai an leƙa wutsiyar ido ba. In kina son sanin zuciyar abokiyar zamanki, duba kwanon ƴaƴanki ranar girkinta, ki kuma tuna wanda ya ɗora miki ruwan zafi ranar da kika kwanta zazzaɓi.

Tambaya: Baba Majo, mahaifina yana da shekara 58. Ya kwana a garkar albasa cikin sanyin nan, da safe ya tashi bakinsa ya karkace hagu, idonsa na dama ba ya rufuwa, fura tana zubowa in yana sha. Mutane sun ce iska ce ta mare shi. An kira wanzami zai yi masa ƙaho a kuncin hagu. Yau kwana biyu. Me za mu yi? Ɗanka, daga wajen Galmi.

Amsa: Ɗana, kai ka san na kira ka a waya ranar da saƙonka ya shigo, don irin wannan ba ta jiran mujalla ta fito. Ina maimaita abin da na gaya maka saboda wasu.

Na farko, kuncin da za a yi wa ƙaho shi ne mai lafiya. Baki yana tsaye a tsakiya ne don tsokar dama da ta hagu suna ja daidai. In ta dama ta saki, ta hagu sai ta janye bakin wajenta. Inda baki ya nufa can ne lafiya, inda ya baro can ne ciwo. Na sha ganin an tsattsage wa mutum kunci mai lafiya, an bar marar lafiyar yana kallo. Kuma ko an dace da ɓarin, ƙaho da lalas ba sa kai wa inda matsalar take, tana can cikin ƙashin kunne.

Na biyu, a duba goshi. A ce ya ɗaga gira kamar mai mamaki, ya runtse ido da ƙarfi. In goshin ɓarin ya ƙi tattarewa, ido ya ƙi rufuwa, baki ya saki, wato ɓarin fuska duka daga sama har ƙasa, galibi jijiyar fuska ce da kanta ta samu matsala. In kuwa goshi yana tattarewa dama da hagu, ido yana rufuwa, ƙasan fuska kawai ya saki, to a ji tsoro, alamar daga ƙwaƙwalwa abin ya taso, wato shanyewar ɓarin jiki. Dalili shi ne goshi yana karɓar umarni daga ɓari biyu na ƙwaƙwalwa, ƙasan fuska kuwa daga ɓari ɗaya. In hannu ko ƙafa ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ko mutum yana tangaɗi, ba a jiran gari ya waye, a nemi mota. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu, yana iya shaƙewa. Wannan dubawar ba ta maye gurbin likita, tana gaya maka ne ko da gudu za ka je ko da sassarfa.

Irin na mahaifinka, a takardar asibitocinmu za ka ga an rubuta sunan da ke nufin shanyewar fuska ta sanyi, don su ma Turawan da sanyi suka zarga, kamar yadda mu muka zargi iska. Masu Ingilishi suna kiran ta da sunan Bel, likitan Sikotilan da ya bayyana aikin wannan jijiya a 1821. Abin da aka fi zato yanzu wata ƙwayar cuta ce da ke kwance a jiki take farkawa, jijiyar ta kumbura a cikin matsattsen ramin ƙashin da na gaya wa ɗiyata ta Harobanda. Ƙashi ba ya buɗawa, sai jijiyar ta shaƙe, saƙo ya daina wucewa. Tsokar lafiyarta lau, umarni ne ba ya isowa. Ta fi samun masu ciwon sukari da mata masu tsohon ciki. Ciwon kunne mai ruwa, da ƙuraje masu zafi a cikin kunne, da buguwa a kai, da kuturta, su ma suna taɓa jijiyar, shi ya sa dole a leƙa kunne a auna jini da sukari.

Ga albishir: wajen mutum bakwai ko takwas cikin goma suna warkewa sarai ko ba magani, yawanci motsi yana fara dawowa cikin mako uku. Amma akwai ƙwayar rage kumburi, firedinizolon, da in an fara ta cikin awa 72 take ƙara yawan masu warkewa. Wani babban gwaji da aka buga a 2007 daga Sikotilan ya nuna bayan wata tara, 94 cikin 100 na waɗanda suka sha ta sun warke sarai, waɗanda ba su sha ba kuwa 82. Kwana ukun nan su ne ake ɓatarwa wajen turare da jiran wanzami. Likita ne zai rubuta ta. Kada a saye ta a tiren masu yawo da magani a tasha, dangin su sha-ka-fashe ce, tana hau da sukari da jini.

Sai ido, wanda kowa ke mantawa da shi don baki ya ɗauke hankali. Baki karkatacce yana miƙewa, idon da ya bushe ya yi gyambo cikin ƙurar hunturu kuwa yana iya tafiya ke nan. A ɗiga ruwan ido na kanti da rana, a sa man ido da dare a rufe fatar a manne ta da filasta, in za a hau moto a sa tabarau.

Ban karanta wannan a littafi kawai ba. Ina da shekara 31, ina riƙe da wani ɗan gidan likita na ƙauye arewa da Tawa, na tashi alwalar asuba. Na guntsi ruwa zan kurkure baki, sai ya tsiyaye ta gefen dama ya jiƙa mini riga. Na sake, ya sake zubewa. Kwana biyu kafin nan bayan kunnena yana ciwo, na share. Da gari ya waye na leƙa madubin moto, na ga rabin fuskata kamar ta wani. Na ce in runtse ido, na dama ya tsaya a buɗe, matata ta ce baƙin ya gudu sama sai fari. Shayin safe a ɓari ɗaya na harshe kamar ruwan zafi, sakan turmin maƙwabta kuwa kamar a cikin kunnena ake yi. Duk aikin jijiya ɗaya ne: ita ke kai ɗanɗanon gaban harshe, ita ke riƙe da wata ƴar tsoka mai rage ƙara a cikin kunne, ita ke sa hawaye. Na san wannan duka, na ci jarrabawa a kansa, amma wallahi sai da gabana ya faɗi na ɗaga hannuwa biyu sama in ga ko ɗaya zai sauka.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta iso da rubutu a ƙwarya. Na sha, rabi ya bi gemu, na bi shi da ƙwayoyina. Ba mu yi gardama ba, kai ma kada ka yi da dattawan gidanku. A yi addu'a, a kuma hau mota.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba furar da ke zuba ba ce. Yaran da ke zuwa allura, waɗanda da nake lallashi da fara'a, in na yi musu murmushi sai su ƙwalla ƙara su ɓuya bayan uwa. Na koma naɗa rawani har hanci kamar Buzu, na daina dariya gaba ɗaya don kada bakin ya tafi kunne. Ku lura da mahaifinku ta nan. Ku zauna ku ci abinci tare da shi, kada a kai masa kwano ɗaki.

Ana cikin mako na uku, ina aske gemu, matata tana riƙe da madubi, ta ce tsaya, sake yi. Gefen bakin ya motsa kamar ƙuda ya sauka a kai ya tashi. Wata uku kafin fuska ta daidaita. Sai dai jijiya in tana sake tsirowa wani zaren yakan ɓata hanya, na baki ya tafi ido, na yawu ya tafi wajen hawaye. Har yau in na yi murmushi idona na dama yana ɗan ƙanƙancewa, in kuma na sa lomar farko a baki yakan kawo ruwa. Shekara fiye da talatin ke nan surukata tana gaya wa mutane miyar kukar ɗiyarta ce ke sa Majo hawaye, ni kuma ban taɓa gyara mata ba.